Lokacin da Radiohead ta jingine jita: nazarin kundin Kid A

Duk wanda ya sayi faifan Kid A a makon farko na watan Oktoban 2000 ya san abin da kunnensa ke jira. Shekara uku ke nan rabon Radiohead, ƙungiyar makaɗan rock ta Ingila, da fitar da sabon kundi, kuma wanda ta fitar a 1997, wato OK Computer, da rurin jita ya buɗe. To sai ga mutum ya saka sabon faifai ya zauna, ya ji wasu 'yan sautuka masu laushi suna gangarowa daga sintisaiza, wannan na'ura mai madannai irin na piyano da ke haɗa sauti da lantarki. Babu jita. Gangar ma ba ganga ba ce sosai, wani bugu ne can ƙasa kamar na zuciyar mai barci. Muryar Thom Yorke, wadda miliyoyin mutane suka saba ji tana tashi sama garau, ta shigo a yayyanke, gutsure yana hawa kan gutsure, wani ta kunnen dama wani ta hagu. Mutane da yawa a lokacin sun ɗauka ƙungiyar ta yi watsi da duk abin da ta iya.

Na daɗe ina sauraron kundin nan tare da sauran ayyukan ƙungiyar, kuma abin da na gamsu da shi shi ne: waƙar ba ta je ko'ina ba. Abin da ya canza shi ne yadda mutum biyar ke zama a ɗaki ɗaya su yi aiki, da wanda ke riƙe da me a hannunsa. Wannan canji ne ya raba tarihin ƙungiyar gida biyu.

Inda aka fito

Su biyar ne tun kundinsu na farko, kuma su biyar ɗin ne har yau: Thom Yorke mai rera waƙa, Jonny Greenwood da Ed O'Brien masu jita, Colin Greenwood mai jitar bes, sai Philip Selway mai ganga. A makarantar Abingdon da ke yankin Oxfordshire na Ingila suka haɗu a 1985, suna kiran kansu On a Friday saboda ranar Juma'a suke atisaye. A 1991 suka sa hannu da kamfanin EMI, suka canza suna.

Kundinsu na farko, Pablo Honey na 1993, ba wani abin a zo a gani ba ne, in ka cire waƙar "Creep" da ta zagaye duniya har ta so ta zame musu ƙarfen ƙafa. The Bends na 1995 ne ya nuna akwai magana. Jita uku suke amfani da su, domin Yorke ma yana kaɗawa, amma kowace da aikinta: ɗaya ta riƙe gindin waƙa, ɗaya ta yi ta shawagi a sama kamar hazo, ta Jonny kuwa ta faɗo a tsakiya ta farke komai. Baiti, amshi, baiti, amshi, sannan a ƙure murya a ƙarshe. Wannan tsari suka ƙware a kai.

OK Computer ya ɗauki wannan tsarin ya faɗaɗa shi iyakar faɗi. Sun naɗi mafi yawansa tare da furodusa Nigel Godrich a wani tsohon gidan alfarma mai suna St Catherine's Court kusa da garin Bath. "Paranoid Android" ta haura minti shida, sassa-sassa, ba ta da amshi irin wanda aka saba, amma duk da haka ta kai ta uku a jadawalin waƙoƙin Birtaniya. Kundin ya ci Grammy, babbar kyautar kiɗa ta Amurka, masu sharhi suka yi ta kiransa ɗaya daga cikin mafiya girma a tarihin kiɗan rock tun bai shekara ba.

Matsalar da nasara ta haifar

A nan ne labarin ya juya. Yawon wasanni da ya biyo bayan OK Computer ya kai kusan shekara guda, daga wannan ƙasa zuwa waccan, hira kan hira, tambaya iri ɗaya sau ɗari. Yorke ya sha ba da labarin wani dare a birnin Birmingham a ƙarshen 1997, inda ya sauko daga dandamali ya zauna a ɗakin canza kaya, ana yi masa magana yana ji amma ya kasa buɗe baki. Da aka dawo gida sai ya tarar duk waƙar da ya fara rubutawa da jita, kafin ya kai rabi ta fice masa a rai. Ga kuma rediyo ta cika da sababbin ƙungiyoyin Birtaniya masu jita mai taushi da murya mai tashi sama, waɗanda ya ji kamar nasa salon ake maimaita masa. Muryarsa da kanta ta fara gundurarsa.

Sai ya koma sauraron kiɗan lantarki na kamfanin Warp, musamman na makaɗa Aphex Twin da Autechre, kiɗan da galibi babu murya a ciki, babu labari, sai bugu da sauti. Ya ce daɗin kari ya ishe shi, bugu yake so. Shi kuwa O'Brien da wani buri daban ya zo: gajerun waƙoƙin jita masu daɗin ji, minti uku-uku, a yi a gama. Mutum biyu ke nan a ƙungiya ɗaya, kowa ya fuskanci wata alƙibla.

Tambayar da ta tsaya a gabansu mai sauƙin faɗi ce, mai wuyar amsawa. In waƙa ba ta buƙatar jita, me mai jita zai yi ranar? In na'ura ce za ta yi bugu, Selway ya zauna ya zuba ido ke nan? Waɗannan mutane ne da suka shafe shekara goma sha huɗu kowa ya san kujerarsa.

Yadda aka yi aikin

A farkon 1999 suka shiga situdiyo a Faris, babban birnin Faransa, babu ranar da kamfani ya yanka musu su gama. Aikin bai tafi ba. Suka koma Copenhagen a ƙasar Danmak, nan ma sai tarin gutsattsarin sauti, wani daƙiƙa hamsin, wani minti guda, Yorke yana kawo su babu baiti babu amshi, sauran suna kallon juna. Daga nan suka tare a wani babban gida a yankin Gloucestershire, kafin situdiyonsu na kansu a Oxfordshire ya kammala. O'Brien yana rubuta abin da ke faruwa a intanet lokaci-lokaci, kuma duk wanda ya bi rubutun ya ga yadda gwiwa ke sanyi. Har sai da suka yi yarjejeniya cewa in ba su samu kundin da dukansu suka yarda ya cancanci fita ba, kowa ya kama gabansa.

Wata dabara da Godrich ya kawo a farkon 2000 ta fi komai nuna inda gizo ke saƙar. Ya raba su gida biyu: rukuni ɗaya ya ƙirƙiro sauti ba tare da taɓa jita ko ganga ba, ɗaya rukunin ya karɓa ya gina wani abu a kai. Ko waƙa ɗaya ba ta fito daga wannan gwaji ba. Amma ya karya wani abu a zukatansu, wato tunanin cewa gudummawar mutum ita ce a ji kayan kiɗansa a faifai. O'Brien ya koyi sa jitarsa ta riƙe sauti ɗaya ba yankewa, har ta daina kama da jita. "Treefingers", wadda mutane da yawa suka rantse sintisaiza ce, jitarsa ce aka sarrafa har ta zama kamar iska a cikin babban zaure. Jonny ya rungumi wata tsohuwar na'urar lantarki ta Faransa mai suna ondes Martenot, wadda aka ƙirƙiro a 1928, wadda kuma mawallafin kiɗa Olivier Messiaen ya yi amfani da ita sosai. Ana kaɗa ta ne da zobe a yatsa, ana jan sa a kan waya, sautin yana zamewa daga wannan mataki zuwa wancan kamar muryar mace daga nesa.

Har kalmomin ma hanyar ta canza. A wasu waƙoƙin Yorke ya yayyanka jimloli a takarda, ya zuba a hula, ya riƙa zaro su yana jerawa. Ba a buga kalmomin waƙoƙin a takardar faifan ba, domin ba a so a karanta su daban da sautin.

A watan Afrilun 2000 suka gama, da waƙoƙi sama da ashirin a hannu. Sun yi tunanin fitar da su duka a faifai biyu, sannan suka fasa. Goma suka zaɓa, kuma jera goman nan kaɗai ya jawo musu gardama mai zafi.

Gefe da gefe da OK Computer

Idan aka ajiye kundin biyu kusa da juna, abu na farko da ke fitowa shi ne damuwarsu ɗaya ce. Dukansu suna magana kan mutum da ya ɓace a cikin duniyar na'ura, sauri, talla da tsoro. Bambancin yana wajen inda mai waƙar ya tsaya. A OK Computer, Yorke kamar ɗan jarida ne a bakin titi: ga haɗarin mota, ga ɗan siyasa, ga ma'aikacin da aiki ke kashewa a hankali, yana nuna maka su ɗaya bayan ɗaya, kuma muryarsa tana sama da kiɗan tana jagora. A Kid A babu mai nuna maka komai. An jefa ka cikin kan mutumin ne, inda tunani ke zuwa guntu-guntu yana maimaita kansa. Muryar ta sauko ta zama ɗaya daga cikin kayan kiɗa. A waƙar da kundin ya ci sunanta ma, an bi da muryar ta cikin na'ura har da ƙyar ake gane kalma.

Abu na biyu shi ne yadda waƙa ke tafiya. Waƙar The Bends ko OK Computer hawa take yi: ta faro a hankali, ta tara ƙarfi, ta fashe. Mai sauraro ya san sakamako na zuwa. Waƙar Kid A kuwa zagaye take yi a wuri ɗaya, ana ƙara mata kaya ana ragewa. Ɗauki "The National Anthem". Layin bes ɗaya ne tak, wanda Yorke ya ƙirƙira tun yana ɗan shekara 16, kuma shi ya kaɗa shi a faifan. Daga farko har ƙarshe layin bai motsa ba. A kansa ne masu busa ƙaho suka shigo, da tasirin kiɗan jazz na Charles Mingus, kowa yana busa nasa har abin ya zama kamar cunkoson motoci da kowa ya danne oda. A tsohon tsari, jitar Jonny ce za ta yi wannan fashewar. A nan an ba wasu baƙi aikin, shi kuwa yana can gefe da zobensa a yatsa.

"Idioteque" ta fi kowace nisa da tsohuwar Radiohead, kuma labarin haihuwarta ya nuna sabon tsarin aiki ƙarara. Jonny ne ya naɗi kusan minti 50 yana wasa da na'urar bugu da wasu sautuka, ya miƙa wa Yorke. Yorke ya saurara ya tsinci wani yanki na kimanin daƙiƙa 40, ya ce a nan waƙar take. Sautuka huɗun da ke shawagi a kan bugun an ɗebo su ne daga "Mild und Leise", wani aikin kiɗan kwamfuta da Paul Lansky ya yi a Jami'ar Princeton a 1973, zamanin da kwamfuta ke cika ɗaki guda. Babu jita ko ɗaya. Amma saurari abin da muryar ke yi a kai: tsoro ne tsagwaronsa, numfashi sama-sama, ana ambaton ƙanƙara da mata da yara da ɓuya. Ban san wata waƙa a OK Computer da ta kai ta tayar da tsikar jiki ba.

Sai dai masu cewa Kid A ya faɗo ne daga sama ba su saurari OK Computer da kyau ba. Gangar "Airbag", waƙar farko a wancan kundin, Selway ne ya kaɗa, aka yanki 'yan daƙiƙu aka sarrafa a na'ura aka jera, da koyi da salon DJ Shadow, wani makaɗin Amurka mai haɗa kiɗa daga gutsattsarin faya-fayai. "Fitter Happier" kuwa muryar kwamfutar Macintosh ce ke karanta ta daga farko har ƙarshe. Irin yana nan tun 1997, a gefen gona. Abin da aka yi a 2000 shi ne aka dawo da shi tsakiya.

Haka kuma masu cewa babu waƙa a Kid A sun tsallake tsakiyar faifan. "How to Disappear Completely" jita ce ta katako da murya, irin wadda za ta zauna daram a The Bends. Wasu daga kalmominta sun samo asali ne daga shawarar da Michael Stipe na ƙungiyar R.E.M. ya ba Yorke lokacin da yawon wasanni ya fi ƙarfinsa, cewa ya rufe tagogin ransa ya riƙa gaya wa kansa ba ya wurin. Abin da ya mayar da ita 'yar wannan kundi shi ne kayan tsirkiya da Jonny ya rubuta wa ƙungiyar makaɗa ta Orchestra of St John's, aka naɗa a tsohuwar majami'ar Dorchester Abbey. Tun daga daƙiƙar farko akwai wani siririn sauti da bai jitu da sauran ba, yana rataye a sama. Kusa da ƙarshe sai dukan tsirkiyoyin su narke, su zame daga kan kari, muryar ta nutse a cikinsu, kana jin kamar ƙasa na gocewa a ƙarƙashin ƙafarka. Sannan a hankali su dawo su daidaita, muryar ta fito ta ɗaya gefen. Duk lokacin da na kai wannan wuri sai na tsayar da abin da nake yi. "Optimistic" kuma jita uku ce da ganga, ba ɓoye-ɓoye. "Motion Picture Soundtrack" da ta rufe kundin ta girmi "Creep" a rubuce. Tufafi kawai aka canza mata.

Ba zan ce kundin ba shi da rauni ba. "In Limbo" tana yawo ba ta sauka ko'ina, kuma ko da an ce da gangan ne, ni dai ba ta riƙe ni kamar sauran. Akwai kuma gaskiya a ƙorafin masoya kiɗan lantarki na lokacin, waɗanda suka ce abin da ake yi wa kirari da sabo, su sun ji shi wajen Aphex Twin shekaru da suka wuce, sun ji wani a wajen ƙungiyar Can ta Jamus tun shekarun 1970. Radiohead ba ta ƙirƙiri waɗannan sautuka ba. Ta ɗauko su ne ta sa su ɗauki nauyin waƙa mai ciwo a zuci, ta kai su kunnen mutanen da ba za su taɓa sayen faifan Warp ba.

Yadda aka karɓe shi

Yadda suka fitar da kundin ma ya saɓa wa al'adar kasuwa. Ba su ware waƙa ko ɗaya ta zama ta talla ba, ba su yi bidiyon waƙa ba, sai wasu gajerun zane-zane masu motsi na 'yan daƙiƙu. Sun yi wasanni a cikin wani ƙaton tanti da babu tambarin kowane kamfani. Makonni kafin ranar fita, kundin ya ɓulla a Napster, manhajar musayar waƙoƙi ta intanet a wancan lokacin, mutane suka yi ta saukewa kyauta. Duk da haka ya shiga a matsayi na ɗaya a Birtaniya da Amurka, kuma a Amurka kaɗai aka sayar da sama da kwafi 200,000 a makon farko. OK Computer, da duk yabon da ya sha, a matsayi na 21 ya shiga jadawalin Amurka.

Masu sharhi kuwa suka rabu. Mujallar Melody Maker ta ba shi maki ɗaya da rabi cikin biyar. Marubuci Nick Hornby ya koka a mujallar New Yorker cewa kundin yana neman lokaci da haƙurin da babban mutum mai aiki ba shi da su. Shafin Pitchfork ya ba shi goma cikin goma. Ya ci Grammy a rukunin da OK Computer ya ci. Da shekaru goman suka ƙare, mujallar Rolling Stone da Pitchfork da jaridar The Times duk suka zaɓe shi kundin da ya fi kowane a tsakanin 2000 da 2009. A jerin kundaye 500 da Rolling Stone ta sabunta a 2020, Kid A ne na 20, OK Computer na 42.

Jeri irin wannan ba ya yanke hukunci, kuma ni kaina in aka ce in miƙa wa wanda bai taɓa jin ƙungiyar ba faifai ɗaya, OK Computer zan miƙa masa. Ya fi buɗe ƙofa. Hujjar Kid A tana cikin abin da ya biyo bayansa.

Abin da ya biyo baya

Sauran waƙoƙin zaman suka fito a watan Yunin 2001 da sunan Amnesiac. Mutane sun sa rai za a dawo da jita, kuma an ɗan dawo da ita a "Knives Out", amma kundin bai kai ɗan'uwansa haɗuwa ba. Tarin ɗakuna ne masu kyau, ba gida ɗaya ba. Waƙar "Morning Bell" ta fito a duka biyun, a Kid A da ƙirgen bugu biyar mai sa mutum tuntuɓe, a Amnesiac da bugu huɗu a hankali kamar rakiyar gawa. Waƙa ɗaya, jiki biyu. Tsohuwar Radiohead ba ta yin haka.

A dandamali ne aka ga cewa tsoron da mambobin suka ji a Faris bai tabbata ba. Selway ya riƙa shigowa da gangarsa a kan bugun na'urar "Idioteque" har ta fi ta faifai zafi. Colin ya karɓi layin bes na "The National Anthem" ya ƙara masa ƙara, Jonny yana murɗa akwatin rediyo yana kamo duk tashar da ke magana a garin da suke. A ƙarshen "Everything in Its Right Place" kuwa, waƙar da ta buɗe Kid A, Jonny da O'Brien sukan durƙusa a gaban na'urorinsu, suna kama muryar Yorke nan take suna yayyanka ta, sauran su fice ɗaya bayan ɗaya, sautin ya ci gaba da juyawa a dandamalin da babu kowa.

Hail to the Thief na 2003, wanda suka naɗi mafi yawansa cikin mako biyu a Los Angeles, ya zuba jita da na'ura a tukunya ɗaya, ko da yake waƙoƙi goma sha huɗu sun yi masa yawa. In Rainbows na 2007 ne ya nuna ribar gaba ɗaya. Waƙarsa ta farko, "15 Step", ta faro da bugun na'ura mai ƙirgen biyar, kamar daga Kid A aka ɗebo, sai gangar Selway ta shigo ta zauna a kai, sai jita mai ɗumi ta biyo, kuma ba ka jin wurin ɗinkin. The King of Limbs na 2011 ya sake komawa ga yanka da jera sauti, har sai da suka ɗauko mai ganga na biyu, Clive Deamer, kafin su iya kaɗa shi a gaban jama'a. A Moon Shaped Pool na 2016 kuma ya ba tsirkiyoyin Jonny filin da suka fara nema tun a Dorchester Abbey.

Akwai waƙa ɗaya da ta bi su duk tsawon wannan tafiya. "True Love Waits" Yorke ya fara rera ta a dandamali tun 1995, yana kaɗa jitar katako. Sun gwada naɗarta lokacin OK Computer, ba ta zauna ba. Suka sake gwadawa a zaman Kid A, suka gina mata shimfiɗar sautukan lantarki, nan ma ta ƙi. Sai suka cire waƙar suka bar shimfiɗar, ita ce ta zama "Pulk/Pull Revolving Doors" a Amnesiac, abu mafi tsauri a kunne da suka taɓa fitarwa a lokacin. Masoya suka ci gaba da riƙe ta a naɗin wasan kai tsaye da ya fito a 2001. Sai a 2016 ta samu mazauni, a ƙarshen A Moon Shaped Pool: babu jita, piyano ne kawai, layi a kan layi suna zagaye ba su haɗuwa daidai, muryar mutum mai shekara 47 a tsakiyarsu tana roƙon kada a tafi.